Ƙuri'a goma sha biyar: abin da wata daular wasa ta koya wa ajina



A hutun daminar da ta wuce ɗan ƙanwata ya zo mana daga Yamai. Ɗan lise ne, shekararsa goma sha bakwai. Tun kafin ya iso uwarsa ta kawo mini ƙararsa ta waya. Ta ce yaron ya shiga wata harkar wasan Turawa, duk ran Asabar shi da abokansa sai su kewaye tebur da wani ƙaton littafi da ƴaƴan ludo, su wuni suna surutu. Ta ce in ja masa kunne.

Kwana uku ina lura da shi. Da an gama tuwon dare sai ya ja tabarma gefe, ya toshe kunnuwa, ya ƙura wa salula ido. A dare na huɗu na ce ya miƙo. Na ɗauka shirme zan gani. Sai na tarar da wani mutum yana bayani da Faransanci a kan taswira, yana lissafa masu zaɓen sarki ɗaya bayan ɗaya.

Na ce: "Wace ƙasa ce wannan?"

Ya ce: "Kawu, babu ita a duniya."

Na ce: "To mene ne naka da zaɓen ƙasar da babu ita?"

Ya ce: "A wasanmu ni ne magatakardan ɗaya daga cikin masu zaɓen. An yi mini tayin kuɗi in juya ra'ayin maigidana. So nake in san abin da zai biyo baya in na karɓa."

Shekara ashirin da ɗaya ke nan da na fito daga makarantar horon malamai, kuma kowace shekara ina koyar da darasin tarbiyyar ɗan ƙasa. Na sha rubuta ma'anar zaɓe a allo, yara su kwafe, su haddace, su maido mini ita ranar jarrabawa ba ragi ba ƙari. Amma ko sau ɗaya wani yaro bai taɓa tambayata abin da zai biyo baya in an sayi mai zaɓe ba. Wasa ya kai wannan yaro inda darasina bai kai ɗalibaina ba. Abin ya tsaya mini a rai, shi ya sa na zauna na bi labarin daular nan, kuma ga ra'ayin da na fito da shi: ƙasar da aka ƙaga wuri ne mai kyau na fara koya wa yara gaskiyar siyasa, domin babu kakan kowa a cikinta. Sharaɗin shi ne babba ya zauna kusa, kuma a ƙarshe a dawo da maganar gida.

Wane wasa ne?

Sunansa Warhammer. Wani kamfanin Ingila mai suna Games Workshop ya fito da shi a 1983, a matsayin wasan yaƙi da ƴan ƙananan mutum-mutumi a kan tebur. A 1986 suka fitar da Warhammer Fantasy Roleplay, wanda shi ne irin na ɗan ƙanwata. A wannan, mutum ɗaya ne mai ba da labari, sauran kowa ya ɗauki matsayin mutum guda a cikin labarin: wannan soja, wannan ɗan kasuwa, wancan magatakarda. Mai labari ya faɗi halin da ake ciki, kowa ya faɗi abin da zai yi, a jefa ɗan ludo a ga ko ya dace. Tatsuniya ce wadda masu saurare ke da bakin magana a cikinta. A 2016 kuma an fitar da wasan kwamfuta mai suna Total War: Warhammer, wanda ya ƙara yaɗa labarin a tsakanin matasa.

Ƙasar da ta fi girma a cikin mutanen wannan duniyar ƙage ana kiranta Daula kawai. Wani jarumi mai suna Sigmar ne ya kafa ta, bayan ya haɗa kan ƙabilun da ba sa ga maciji da juna. Daga ranar naɗinsa suke ƙidayar shekaru, saboda haka duk shekarar da zan ambata game da Daula ta kalandarsu ce, kada a haɗa da tamu. Sigmar ya yi shekara 50 yana mulki, sannan ya ajiye sarauta ya nufi gabas, ba a ƙara ganinsa ba. Bai bar magaji ba. Shugabannin ƙabilu suka ga in kowa ya ce shi ne, ƙasa za ta wargaje, sai suka yarda su riƙa zaɓen ɗaya daga cikinsu. Nan zaɓen sarki ya samo asali.

Kowane shugaban jiha yana da takobi na musamman, alamar matsayinsa. Takubban goma sha biyu ne. Jihohi biyu, Solland da Drakwald, sun halaka a yaƙe-yaƙe da annoba, aka ajiye takubbansu a baitulmalin sarki. Saura goma: Reikland, Middenland, Talabecland, Stirland, Averland, Wissenland, Ostland, Ostermark, Nordland da Hochland. Kowace jiha da sojojinta, da harajinta, da dokokinta. Sarkin Daula yana zaune a birnin Altdorf, amma in yana son yaƙi sai ya roƙi jihohi su ba shi mayaƙa. Suna iya ba shi, suna iya ja masa rai.

Lissafin da ya kamata kowane yaro ya iya

A tsarin da aka fi sani, masu zaɓe goma sha biyar ne. Goma shugabannin jihohi ne. Uku shugabannin addinin da ya mai da Sigmar abin bauta: babbansu da mataimakansa biyu. Ɗaya shugaban wani addinin ne da ya girmi na Sigmar, mai ƙarfi a arewa, ana kiran mai riƙe da muƙamin Ar-Ulric. Na ƙarshe dattijon wasu gajerun mutane ne, manoma masu son girki, mazauna wani yanki da ake kira Moot.

Yanzu a ɗauko alli. Bisa al'ada, ƙuri'u ukun nan na addinin Sigmar shugaban Reikland suke bi, ƙuri'ar Ar-Ulric kuma shugaban Middenland. Ke nan tun kafin a buɗe baki ɗan takarar Reikland yana da huɗu, in an haɗa da tasa. Na Middenland yana da biyu. Duk wani ɗan takara yana da ɗaya tak. In rinjaye shi ne fiye da rabi, takwas ake nema: na farko huɗu suka rage masa, na biyu shida, na uku bakwai. Kowa ƙuri'a ɗaya ya jefa, an ƙirga daidai, ba wanda ya saci akwati, amma tseren ba daga layi ɗaya aka fara shi ba. Sarkin da ke kan gado a zamanin da aka fi yin wasan, Karl Franz, ɗan Reikland ne. An zaɓe shi a 2502, ya gaji mahaifinsa, kuma wanda ya kayar shi ne Boris Todbringer na Middenland.

Ita kuwa ƙuri'ar gajerun mutanen, labarinta abin dariya ne. A shekara ta 1010 wani sarki, Ludwig Mai Ƙiba, ya ji daɗin abincin kukunsa, wanda ɗan wannan ƙabila ne. Don ya saka masa, sai ya yanko ƙasa daga Stirland da Averland ya ba danginsa, ya haɗa musu da kujera a cikin masu zaɓe. Shekara dubu ɗaya da ɗari biyar bayan haka kujerar tana nan, kuma duk mai neman sarauta dole ya je ya gai da dattijon Moot. Ana dariya, amma akwai darasi: jerin masu zaɓe ba daga sama yake faɗowa ba. Wani ne ya rubuta shi, a wata rana, saboda wani dalili, kuma dalilin ba kullum yake da daraja ba.

Ranar da wanda ya faɗi ya ƙi yarda

Marubutan wasan ba su yi wa Daularsu kwalliya ba. A 1152 aka kashe sarki Mandred, masu zaɓe suka taru suka kasa daidaitawa. Aka shiga zamanin rikici. A 1360 shugabar Talabecland, Ottilia, ta ƙi amincewa da wanda aka zaɓa, ta naɗa kanta sarauniya ba tare da ƙuri'a ba, Ar-Ulric na lokacin ya mara mata baya. A 1547 shugaban Middenheim, babban birnin arewa, shi ma ya ce shi ne sarki. Ƙasa ɗaya, sarakuna uku, kowa da fadarsa da masu yi masa addu'a. A 1979 aka zaɓi Magritta ta Marienburg, babban shugaban addinin Sigmar ya ƙi naɗa ta, daga nan zaɓen ma ya tsaya gaba ɗaya. Sai a 2304 aka sake samun sarki ɗaya da kowa ya yarda da shi, Magnus na birnin Nuln, bayan ya haɗa kan jama'a sun kori wani babban hari daga arewa. Daga Ottilia zuwa Magnus shekara 944.

Labarin kuɗi ma yana nan. A 2429 attajiran Marienburg, tashar jiragen ruwa mafi arziki a Daula, suka cika wa sarki Dieter na 4 baitulmali da zinari, ya sa hannu birnin ya ɓalle ya zama mai cin gashin kansa. Masu zaɓe suka taru suka tuɓe shi, suka naɗa Wilhelm na Altdorf. An cire mai laifi, amma birnin bai dawo ba.

Kada a zaci duk wannan ƙagen banza ne. An gina Daular wasan a kan wata daula ta gaske da ta yi zamani a ƙasar Jamus da kewayenta, wadda littattafan tarihi ke kira Daular Rum Mai Tsarki. A 1356 sarki Charles na 4 ya fitar da wata doka mai hatimin zinari wadda ta tsayar da masu zaɓe bakwai: manyan shugabannin coci uku, na Mainz da Trier da Kolon, da sarakuna huɗu, na Bohemiya da Falatina da Saksoni da Brandenburg. A birnin Frankfurt ake zaɓen, wanda ya samu huɗu ya ci. Dokar har ta ce in sun yi kwana talatin ba su daidaita ba, a bar su da burodi da ruwa kawai har sai sun fitar da sarki. A zaɓen 1519, tsakanin Charles Quint da sarkin Faransa François na 1, ɓangaren Charles ya kashe kusan florin 850,000, mafi yawa wajen sayen masu zaɓe, kuma fiye da rabin kuɗin bashi ne daga wani attajirin Augsburg, Jakob Fugger. Daga 1438 har rushewar daular a 1806 gidan Habsburg ne ke cin zaɓen, ban da ƴan shekaru kaɗan. Ana zaɓe, amma gida ɗaya ke ci. Masu wasan sun kwafo wannan, suka ƙara dodanni.

Mu ma mun san wannan tsari

Ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa a ce ƴan mutane kaɗan ke zaɓen sarki daga cikin ƴaƴan sarauta. A Katsinar Maraɗi manyan sarakuna huɗu ne aka sani da wannan aiki: Ƙaura, Galadima, Ƴandaka da Durɓi. A Tsibiri akwai Taran Gobir. A Kano akwai Madaki, Makama, Sarkin Bai da Sarkin Dawaki Mai Tuta. Har gobe a ƙasarmu magidanta ke zaɓen mai gari, masu gari kuma su zaɓi sarkin kanto, kuma duk wanda ya taɓa zama a ƙauye lokacin irin wannan zaɓe ya san yadda motoci ke yawo da dare.

Mun kuma san abin da ke faruwa in wani ɓangare ya ga an yi masa ba daidai ba. A 1893, da Sarkin Kano Muhammadu Bello ya rasu, Sarkin Musulmi Abdurrahman ya naɗa ɗansa Tukur. Ƴaƴan Abdullahi Maje Karofi, ƙarƙashin Yusufu, suka ƙi, suka fice zuwa Takai. Aka yi yaƙin basasa. Yusufu ya rasu, Aliyu Babba ya karɓi jagoranci ya shiga Kano a 1894, aka kashe Tukur a 1895. Talakawan da garuruwansu suka ƙone ba wanda ya tambaye su wa suke so.

To, wani zai ce tunda muna da namu, me ya kai mu aron na wasa? Amsata ita ce namu yana da jikoki, kuma jikokin suna zaune a kan benci a gabana. In na tsaya a aji na ce mai zaɓe kaza ya ci amana a shekara kaza, gobe da safe uban wani yana ofishin darakta. In na ɗauko misali daga zaɓuɓɓukan zamaninmu, kafin in rufe baki an ce mushe ɗan jam'iyya kaza ne. Saboda wannan tsoro muke koyar da zaɓe kamar yadda ake koyar da sunayen koguna: ma'ana, sharuɗɗa, shekarun jefa ƙuri'a, a tashi. Ainihin abubuwan da ke kashe zaɓe, wato kuɗi, da shigar da addini, da ƙin karɓar kaye, da murɗe jerin masu zaɓe, ba ma taɓa su. Boris Todbringer kuwa ba shi da dangi a Maraɗi. Ina iya faɗin abin da na ga dama a kansa, yara su yi gardama son ransu, ba wanda zai je gida da ɓacin rai.

Abin da na gwada a aji

Da aka koma lakwal na gwada abin da ƴan ajina na CM2, yara sittin da ƴan kai. Ban kawo littafin wasan ba, ban nuna hoto ba, ban ambaci sunan wani abin bauta ba. Ƙashin tsarin kawai na ɗauko. Na fitar da yara goma sha biyar su zama masu zaɓe: goma shugabannin jihohi, uku ƴan gidan kudu da kullum ke bin ɗan takara na farko, ɗaya ɗan gidan arewa mai bin na biyu, ɗaya kuma wakilin manoma. Sauran yara duk talakawa ne, su zauna su kalla. Na ba kowane ɗan takara dabino goma, ban ce ga abin da zai yi da su ba, na ba su minti goma su nemi goyon baya.

Ba sai na faɗa muku inda dabinon ya tafi ba. Ko ɗaya bai kai bencin talakawa ba. Wakilin manoma ya karɓa daga hannu biyu. Aka jefa ƙuri'a, na farko ya samu tara, na biyu shida. Sai na biyun ya tashi ya ce bai yarda ba, ai tun farko an ba wancan uku kyauta. Ya kwashi mutanensa suka koma bayan aji suka ce su ma sun yi sarkinsu. Ban taɓa ba su labarin Ottilia ba, da kansu suka yi abin da ta yi.

Ana cikin hayaniya wata yarinya daga bencin talakawa ta ɗaga hannu. Ta ce: "Mushe, mu ba mu da ƙuri'a, dabino ma ba mu samu ba, kuma ko wa ya ci mu ne za mu share aji." Aji ya yi tsit. Na ce ta maimaita, ta maimaita. A shekara ashirin da ɗaya ban taɓa yin bayanin dalilin da ya sa aka ba kowane ɗan ƙasa ƙuri'a da ya kai nata ba.

Daga nan muka rubuta tambayoyi uku a allo. Wa ke zaɓe? Wa ya sa shi a cikin masu zaɓe? Me wanda ya faɗi zai yi? Na ce su riƙe su, duk zaɓen da suka gani a rayuwa su auna shi da su. Sati na gaba na ba su labarin masu zaɓen sarki na ƙasarmu, na ce kowa ya tambayi kakansa yadda aka zaɓi mai garinsu. Sun dawo da labarai fiye da yadda lokaci zai ɗauka. Da muka zo zaɓen shugaban aji na gaske, su da kansu suka nemi a yi shi a asirce, a ƙirga a gaban kowa, kuma ƴan takara su yi alkawarin karɓar sakamako tun kafin a fara. Ba zan ce sun zama waliyyai ba, don an kama wani da alewa a aljihu. Amma yaran ne suka kama shi, ba ni ba.

Damuwar iyaye

Akwai abubuwa uku da na san za a faɗa, kuma ba na raina ko ɗaya.

Na farko, wasan cike yake da gumaka, da tsafi, da aljanu, da zubar da jini. Gaskiya ne. Ba na ƙananan yara ba ne, kuma uban da ya ce ba ya son shi a gidansa yana da iko da hujja. Shi ya sa ban kai littafin aji ba, kuma ba na ba kowane malami shawarar ya kai. Sai dai mu tuna mun tashi da labarin Dodo da Gizo da Ƙoƙi, ba wanda ya girma yana bauta musu. Saurayi ɗan shekara goma sha bakwai ya san Sigmar ƙage ne. Abin da ya fi ba ni tsoro a kansa shi ne ya yi ta shan irin waɗannan labarai shi kaɗai, ba babban da zai tambaye shi me ya fahimta.

Na biyu, ɓata lokaci. Wannan ma gaskiya ne, musamman na kwamfuta da salula, wanda kan cinye dare ɗungum. Na tebur ya fi mini sauƙi, don ana zaune ido da ido, ana karatu, ana lissafi, ana gardama, kuma yana da lokacin tashi. Duk da haka sai an sa iyaka. Yaron da makinsa ke sauka ba shi da hurumin zaɓen sarkin ko'ina.

Na uku ya fi nauyi: kada irin wannan labari ya sa yara su ɗauka siyasa duk ƙazanta ce, ko su zauna jiran wani gwarzo irin Magnus ya zo ya gyara kome. A nan aikin babba yake. A nuna wa yaro cewa Magnus ɗin ma, duk da nasararsa, sai da ya bi ta hannun masu zaɓe. A nuna masa cewa bayan rasuwar Magnus a 2369 sarauta ta koma gidan Stirland, kuma daga gidan ne Dieter mai sayar da birni ya fito, shekara sittin kacal bayan gwarzon. Mutumin kirki yana mutuwa, abin da ke saura shi ne ƙa'idar da ya bari. Kuma ƙa'idar ce ta ba da damar tuɓe Dieter ba tare da an koma shekara ɗari tara na yaƙi ba. Zaɓen mutum goma sha biyar ba adalci ba ne, yarinyar ajina ta riga ta faɗi aibinsa. Amma ko shi, ranar da aka daina girmama shi ƙasa ta fi shan wuya.

Abin da nake roƙo

Ga iyaye: kafin a fizge salula, a tambaya. "Me kake kallo? Wa ke mulki a ƙasar? Ta yaya ya hau?" In yaro ya iya amsawa da hujja, akwai abin da yake koyo, sai a ja shi zuwa namu. In bai iya ba, to lokacinsa kawai ake ci, a sa masa iyaka.

Ga ƴan uwana malamai: ba sai kun san Warhammer ba. Ku ƙagi ƙasarku, ku ba ta suna, ku raba kujeru ba daidai ba, ku bar yara su ji zafin abin a jikinsu, sannan ku buɗe littafi. Kuɗin dabino ashirin ne kawai.

Ga marubutanmu kuma ina da ƙorafi. Wani kamfani a Ingila ya shafe shekara arba'in yana gina tarihin ƙasar da babu ita, har yaro a Yamai ya haddace sunayen masu zaɓenta. Yaron nan da na tambaye shi su wa ke zaɓen Sarkin Gobir, shiru ya yi. Laifin ba nasa ba ne. Gobir da Katsina da Damagaram suna da fada, da fadanci, da ƙawance, da cin amana, da jarumta, fiye da abin da wasa ɗaya zai ɗauka. Ba a dai zuba su a mazubin da yaro zai shiga ciki ya yanke shawara da kansa ba.

Wata biyu bayan ya koma, ɗan ƙanwata ya kira ni. Na tambaye shi labarin magatakarda. Ya ce ya karɓi kuɗin, maigidansa ya juya, wanda suke so ya ci. Asabar biyu bayan haka sai mai kuɗin ya dawo da wata buƙatar da ta fi ta farko muni, ya ce in bai yi ba zai tona shi.

Na ce: "To yanzu fa?"

Ya ce: "Kawu, ina ta neman mafita, ban samu ba."

Na ce masa kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, kuma gara ya gane haka a kan tebur da ƴaƴan ludo da ya gane shi a ofis yana da shekara arba'in. Uwarsa kuma na ce ta bar masa Asabar ɗinsa, muddin makinsa bai sauka ba, kuma in ya dawo hutu mai zuwa zai zo mini da sunayen Taran Gobir a rubuce.

Allah ya shirya mana zuri'a.